Takardar dubawa a ɗakin tiyata, tana hana kuskure kuwa ko cike fom ne kawai?

Nas_Tiyata:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni nas ce a ɗakin tiyata, akwai abin da ke damuna. Muna da takardar nan ta Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) mai abubuwa 19, ana dubawa kafin a sa wa mara lafiya maganin barci, kafin a yanka, da kafin a fita da shi, to amma wallahi sau tari sai an gama ɗinki ake miƙo min ita wai in cike in sa hannu. Satin da ya wuce muka ƙirga auduga ta ƙi cika, da ƙyar aka lalubo ɗaya a cikin cikin matar da ake yi wa aiki, Allah ya sa ba a rufe ba. Har yau hankalina bai kwanta ba. Dan Allah masu sani, abin nan yana aiki da gaske?

Baban Ilham:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara tsarewa. Ai daga jirgin sama abin ya samo asali, a 1935 wani sabon jirgin Boeing ya faɗi wajen gwaji a Dayton ta Amurka, matuƙin ƙwararre ne fa, mantawa aka yi ba a cire makullin da ke riƙe sitiyari ba. Daga nan matuƙa suka koma karanta jeri kafin tashi. Ba rashin iya aiki ba ne, kai ne ba ya ɗaukar komai lokaci guda.

Likitan_Ƙashi:
Sista yana aiki, amma ba yadda ake yi a wurinku ba. Da aka gwada shi a asibitoci 8, har da na Ifakara a Tanzaniya, sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna mace-mace sun sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari. Amma a Ontario ta Kanada da aka wajabta wa asibitoci, binciken 2014 bai ga wani canjin kirki ba, ni a ganina saboda irin abin da kika faɗa ne, ana cikewa don kar a yi faɗa. Amfaninsa a baki yake, a tsaya cak kafin wuƙa ta taɓa fata, kowa ya faɗi sunansa da aikinsa, a ambaci sunan mara lafiya, wace ƙafa ce dama ko hagu, an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ɗaya ko ba a ba da ba. Nas ɗin da ta buɗe baki a farko ita ce za ta iya cewa ranka ya daɗe auduga ba ta cika ba.

Nas_Tiyata:
Na gode likita. Matsalar dai manyan ne, wani in ka ce a tsaya sai ya ga kamar raini.

Likitan_Ƙashi:
Na sani. Ki fara da metiron ɗinku, wato shugabar nas-nas, ku samu likita ɗaya da zai yarda a riƙa karantawa da ƙarfi a ranakun aikinsa, minti biyu ma bai cika ci ba. Ki dawo ki ba mu labari bayan wata ɗaya in sha Allah.