Yaya zan yanka naman rago siriri don tukunyar Mongoliya?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon duk wanda ya taɓa girka abincin nan da ake kira tukunyar Mongoliya, wanda ya shahara a Beijin, musamman a gidajen abincin Musulmin Sin. Ana ɗora tukunyar tagulla mai bututun gawayi a tsakiyar tebur, romon ba komai sai ruwa da citta da lawashi, kowa na tsoma yankan naman ragonsa na 'yan daƙiƙoƙi, ya dangwala a niƙaƙƙen riɗi ya ci.

Baƙi zan yi ranar Asabar, kuma naman ne ya gagare ni. Dole ya zama siriri kamar takarda, amma mahaucinmu irin yankan tsire ya iya, sai naman ya fito da tauri a cikin romon. Na sa cinya a firiza don ta ɗan daskare, sai dai wutarmu ba ta tsayawa: ko ya ƙanƙare wuƙa ta kasa shiga, ko ya saki yana zamewa.

Don Allah, awa nawa ya kamata ya yi a firiza? Kuma cinya ta fi, ko kafaɗa mai ɗan kitse?