Abin da aka ce kan gyaran tsohuwar kyamara

Jama'a maganar da aka yi kan yadda mutum zai gyara tsohuwar kyamara ta yi tsawo, ga abin da na tattaro:

1. Kowa ya yarda a fara cire batir, amma kafasitan filasha (abin da ke tara wa fitilar kyamara wuta) yana riƙe wuta kusan volt 300 ko ba batir, sai an sauke ta kafin a sa hannu, wannan ba wasa ba ne wallahi.
2. A ɗauki hoto da waya kowane mataki, sukurori kuma a jera su daki-daki.
3. Batir ya zuba? A goge wurin da ɗan ruwan lemun tsami da auduga.
4. Ƙurar hunturu irin ta Marwa da Garwa a hure ta, kar a goge gilashi da riga.

Inda aka rabu shi ne sa wa kyamara mai: wasu sun ce ɗigon man keken ɗinki ba laifi, yawanci sun ce ƙura yake tarawa, ni ma can na karkata.