Baba ya daina cin abinci, mi ya haɗa cutar kansa da yunwa?

Ɗiyar Adar:
Assalamu alaikum. Babanmu na da kansar hanji, mun kawo shi Yamai daga Tawa. Mutumin da ke shanye ƙwaryar hura shi kaɗai, yanzu ludayi biyu sai ya ture. Ko ƙamshin kilishi tada mishi zuciya yake. Inna ta ce fushi yake da mu. Cutar ai a hanji take, don mi yunwa ta ɓace?

Ma'aikacin jinya:
Wa alaikumus salam, ƙanwata, Allah ya ba Baba lafiya. Ki faɗa wa Inna ba fushi ba ne. Ƙwaƙwalwa ce ke sa mutum jin yunwa. Ƙarin kansa da garkuwar jiki suna zuba sinadarai cikin jini, irin su IL-6 da GDF15. Shi GDF15 yana isa gindin ƙwaƙwalwa, daidai wurin da ke tada amai; a 2017 aka gano inda yake kamawa, ana ce mishi GFRAL. Wasu magungunan kansa, kamar sisplatin, ma ƙara shi suke. Sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka ciki ya cika alhali babu komai. Ku gaya wa likitansa, akwai maganin tashin zuciya, kuma a riƙa auna nauyinsa.

Hajiya daga Lazare:
Ɗiyata, na yi jinyar maigidana haka. Matsa mishi, kuka kawai yake jawowa. Ƙaramin kofi, sau da yawa: kunun gyaɗa, nono mai sanyi, dabino. Abinci mai zafi ya fi ƙauri, ki bari ya huce.

Ɗiyar Adar:
Na gode, Hajiya. Nonon kanti za mu ba shi ko na Fulani?