Wanda aka shigar cikin asusun ajiya: wane suna za mu ba shi da Hausa?

'Yan'uwa masu aikin fassara da masu kishin harshe, abin da ya tayar da wannan zance shi ne wata jimla da na ci karo da ita a manhajar wani banki da ke gudanar da harkarsa ta intanet. A kan maɓallin da magidanci zai taɓa idan yana son sanya matarsa cikin asusun ajiyarsa, ko mace idan tana son sanya mijinta, an rubuta "Ƙara mai riƙe da haɗin gwiwa". Na maimaita karatun har sau uku ban gane abin da ake riƙewa ba, sai da na mayar da manhajar zuwa Ingilishi na ga ashe "joint holder" ake nufi. Tun daga ranar nake tambayar waɗanda suka fi ni sani, kuma ga abin da na tattara, tare da inda ra'ayina ya tsaya.

Kafin a raɗa wa abu suna, wajibi ne a san ko mene ne shi. Idan mai asusu ya taɓa wancan maɓalli, za a nemi ya rubuta cikakken sunan mutum na biyu da ranar haihuwarsa da adireshinsa na imel, sannan banki ya aika wa mutumin da gayyata. Shi kuma zai ɗauki hoton katin shaidarsa gaba da baya, ya tsaya gaban kyamarar wayarsa ya juya kai dama da hagu domin a tabbatar mutum ne mai rai, sannan ya amince da sharuɗɗan banki da kansa. Wasu bankunan ma ba su yarda a shigar da kowa cikin tsohon asusu, sai dai a buɗe sabo da sunan mutum biyun a kwashe kuɗin zuwa can. Da zarar an kammala, mutum na biyu yana da lambar sirrinsa ta kansa, yana ganin duk abin da ya shiga da wanda ya fita, kuma a tsarin da ya fi yawa yana iya kwashe kuɗin kaf ba tare da ya nemi izinin na farko ba, ko da kuwa bai taɓa zuba komai a ciki ba. A wurin banki, ya zama mai asusu kamar yadda na farko yake mai asusu. Duk kalmar da za mu zaɓa, idan ba ta faɗi wannan ba, ta yaudari mai karatu a kan dukiyarsa.

Da wannan ma'auni na fara auna "mai riƙe da", kuma nan take ta faɗi. Riƙo a Hausa yana nuna cewa abin ba naka ba ne. Ɗan riƙo ba ɗan cikinka ba ne, shugaban riƙon ƙwarya yana jiran mai kujera ne, wanda aka ce "riƙe mini wannan" kuwa ya san za a dawo a karɓa. Baturen da ya ce mutum yana riƙe da asusu mallaka yake nufi, amma Bahaushen da ya ji haka amana zai fahimta. Muna da kalmarmu mai sauƙi wadda ba ta bukatar gyara, wato "mai asusu", kamar yadda muke cewa mai gida da mai gona.

Wani dattijo da ya daɗe yana koyar da Hausa ya ba ni shawarar "wakili". Na ce masa, "Malam, a gafarce ni, ai wakili ana iya sauke shi." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce lallai nan ne gizo ke saƙa. Bankuna suna da tsarin wakilci daban, inda mai asusu ke ba wani izinin sa hannu ko cire kuɗi a madadinsa, kuma a wannan tsari kuɗin suna nan a matsayin na mai asusu, yana iya janye izinin ranar da ya ga dama, kuma wakilcin yana ƙarewa da mutuwarsa. Wanda aka shigar a matsayin mai asusu na biyu ba haka yake ba, domin galibin bankuna ba su cire sunansa sai da yardarsa, in kuma an yi saɓani, abin da suka saba yi shi ne su daskarar da asusun har sai ɓangarorin biyu sun daidaita. Na san wani da ya sanya ƙaninsa cikin asusunsa da tunanin ya naɗa ɗan aike ne mai biya masa bukatu idan ya yi tafiya, bai san bambancin ba sai ranar da ya nemi a goge sunan, aka ce masa sai ƙanin ya sa hannu. Ba a yi rigima ba, ƙanin ya sa hannun, amma da kalmar da ya karanta tun farko ta gaya masa gaskiya, da bai bi wannan hanya ba.

Doka ma kan masu asusu take ƙirgawa, ba ta ƙirga wakilai. A Amurka, hukumar inshorar kuɗin ajiya ta FDIC, wadda aka kafa a 1933, tana lamunce wa kowane ɗaya daga cikin masu asusun haɗaka har dala 250,000 a banki guda, saboda haka asusun mutum biyu yana da kariya har dala 500,000. A ƙasashen Tarayyar Turai iyakar ita ce yuro 100,000 ga kowane mai ajiya a kowane banki, kuma can ma kowannensu ana lissafa shi da kansa. A Ingila, idan ma'aurata ne, hukumar haraji tana ɗaukar kuɗin ruwan da asusun ya haifar rabi da rabi ne tsakaninsu, sai fa idan sun sanar da ita wani kaso daban. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke hawa kan wakili.

"Magaji" kuma, wadda wata 'yar'uwa ta kawo, tana da dalilinta, domin a Ingila da yawancin jihohin Amurka, idan ɗaya ya rasu, abin da ya rage a asusun yakan koma hannun wanda ke raye. Sai dai wannan hukunci ne na wasu ƙasashe, ba na ko'ina ba, kuma a ƙa'idar gadon Musulunci kason mamaci yana cikin abin da ya bari wa magadansa duka. Ban da haka, magaji ba shi da iko da dukiya muddin mai ita yana numfashi, alhali wanda muke nema wa suna ikonsa yana farawa ne tun ranar da aka shigar da shi. Mu bar "magaji" ko "mai cin gajiya" ga wanda aka rubuta sunansa domin ya karɓi kuɗi bayan rasuwa, tunda shi ma yana bukatar sunansa.

Sauran aikin yana kan kalmomi uku da kowa ya fi ambata, wato haɗin gwiwa da haɗaka da tarayya, kuma a nan na fi daɗewa.

Haɗin gwiwa aiki ne. Ana haɗa gwiwa a yaƙi cuta ko a gina gada, kuma idan aikin ya ƙare kowa ya kama gabansa. Ba ta cewa komai game da wanda ya mallaki me. Na san kafofin labarai suna amfani da ita ga asusu, kuma ba na cewa kuskure ne mai muni, amma ba ta haifar mana da sunan mutum ba, domin "abokin haɗin gwiwa" zai iya zama kamfanin da kuke kwangila tare.

Haɗaka ta fi kusa, don ita dukiya take nufi. Idan mutum biyu suka ce sun yi haɗaka sun sayi abu, kowa ya san na su biyun ne. Rauninta guda ne: tana sa a ɗauka kowa ya kawo nasa an haɗa, alhali mun riga mun ga cewa mutum yana iya zama cikakken mai asusu ba tare da ya zuba komai ba. Wanda ya tara kuɗinsa shekara goma sannan ya shigar da matarsa bai yi haɗaka da ita ba a ma'anar asali, ya sanya ta ne cikin abin da yake nasa.

Tarayya ce ta dace da wannan ma'ana daidai wa daida. Muna cewa 'yan'uwa sun yi tarayya a gado, ko sun yi tarayya a uwa, ba tare da wani ya kawo gudummawa ba, abin dai guda ne kuma kowa yana da haƙƙi a cikinsa. Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe tarayyar mallaka da tarayyar ƙulla ciniki, kuma "abokin tarayya" ita ce fassarar da Hausa ta zauna a kai ga kalmar Larabci ta "sharik". Larabawa ma daga wannan tushe suka samo sunan irin wannan asusu. Mu kam ba za mu iya aro ta kai tsaye ba, saboda a bakin Bahaushe "shirka" ta keɓanta da haɗa Allah da wani, kuma babu bankin da zai so a ce yana buɗe wa mutane asusun shirka. Cikas ɗin tarayya shi ne an riga mu. Duk mai sauraron labarai da Hausa, idan ya ji "asusun tarayya", hankalinsa zai tafi ga asusun gwamnati wanda ake raba kuɗinsa tsakanin matakan mulki, kuma ba na ganin hikimar kokawa da ma'anar da ta riga ta kafu a kunnen jama'a.

Saboda haka shawarata ta rabu biyu. Shi asusun a kira shi "asusun haɗaka", tunda kunne ya saba da shi kuma rauninsa ƙarami ne. Shi kuwa mutumin, a takardar yarjejeniya da duk inda ake bukatar cikakken bayani, a kira shi "abokin tarayya a asusu", mace "abokiyar tarayya a asusu". A kan maɓalli da cikin maganar yau da kullum, inda wuri ya yi kaɗan, a taƙaita zuwa "abokin asusu" ko "abokiyar asusu", jam'i "abokan asusu". Ginin ba baƙo ba ne, domin a kansa muka samu abokin aiki da abokin tafiya da abokin ciniki, kuma a kowannensu "aboki" yana nuna cewa mutum biyun suna cikin abin tare, babu wanda yake yaron wani. Na so in ce "abokin mallaka", wadda ta fi fito da ma'anar fili, amma 'yar'uwar nan da ta kawo "magaji" ta ce mini, "Yaya, ka rufa mana asiri, ranar da ka rubuta 'abokiyar mallaka' a manhajar banki, ba wanda zai yi tunanin kuɗi." Na gane inda ta dosa, na janye.

A daidai nan zan ja kunnen masu fassara game da kalmar "partner" da Turawa ke amfani da ita ga miji ko mata ko wanda ake zaman tare da shi. Kada a yi gaggawar rubuta "abokiyar zama", domin a bakin mata da yawa kishiya ke nan. Inda ma'aurata ake nufi, a rubuta "mijinki" ko "matarka" kai tsaye. Inda kuma banki bai ƙayyade dangantaka ba, tunda yawanci ana iya buɗe irin wannan asusu da ɗan'uwa ko uwa ko ɗa baligi, "wani mutum" ta wadatar.

Aikatau ma, wato kalmar aikin da za a rubuta a kan maɓallin, yana da tarko. "Ƙara" ita ce ke fara zuwa baki, amma a rubutun da ba ya nuna karin sauti, "ƙara mata a asusu" zai iya nufin a ƙara wa wata kuɗi, ko ma a ƙaro mataye. "Shigar da" ba ta da wannan ruɗani, kuma kishiyarta "fitar da" tana nan a shirye. Idan aka haɗa, maɓallin zai zama "Shigar da abokin asusu", a ƙarƙashinsa kuma a rubuta, "Wanda ka shigar zai zama mai wannan asusu kamar yadda kake, yana iya cire kuɗi, kuma ba za a fitar da shi ba sai da yardarsa." Inda takarda ta bambanta mutum biyun, a ce "mai asusu na farko" da "mai asusu na biyu", a guji "babba" da "ƙarami", domin jerin sunaye ne kawai, ba fifikon haƙƙi ba.

Abu ɗaya ya rage wanda nake neman ra'ayinku a kansa. Asusun haɗaka iri biyu ne: wanda sa hannun mutum ɗaya ya isa, da wanda sai dukansu sun amince kafin kuɗi su fita. Bankunan Faransa suna bambanta su tun daga yadda ake rubuta sunan asusun, na farko "wane ko wance", na biyu "wane da wance", kuma kowanne da sunansa a dokarsu. Asusun ajiya na intanet kusan duka irin na farko ne, saboda manhaja ba ta cika tanadar hanyar jiran amincewar mutum biyu ba. Ni dai na rubuta "mai sa hannu ɗaya" da "mai sa hannu biyu" a daftarina, amma Malam ya lura cewa a waya ba a sa hannu, lambar sirri ake dannawa, kuma masu asusun suna iya kai uku. Ya kawo "na kowa da izininsa" da "na sai an haɗu", na biyun kuwa ya yi mini daɗi a kunne ƙwarai, sai dai ban tabbata zai zauna a takardar yarjejeniya ba. Wanda yake da abin da ya fi waɗannan, ya kawo shi tare da jimlar da za a gwada shi a ciki.