Ansco: daga ina sunan ya fito, kuma me suke sayarwa kafin a yi fim?

Auwalu Bauchi Road:
Salamu alaikum iyayenmu masu hoto. Akwai wata tsohuwar kyamara mai siffar akwati a wajen masu gwanjo kusa da Taminus, an rubuta Ansco a goshinta. Wane kamfani ne wannan? Kuma za ta ɗauki hoto yanzu, ko ta ado ce kawai?

Baba Mai Hoto Gangare:
Wa alaikumus salam Auwalu. Sunaye biyu aka haɗa: Anthony da Scovill. Edward Anthony ya soma da ɗaukar hoto a New York, daga baya ya lura kuɗin na wajen sayar wa masu hoto kayan aiki, sai ya koma can. A 1852 ɗan'uwansa Henry ya shigo, kamfanin da aka sani da E. & H. T. Anthony ke nan. Su Scovill kuwa asalinsu maƙeran maɓallan tagulla ne a garin Waterbury na Amurka. Tunda sun iya murza ƙarfe, sai suka shiga yin faranti na jan ƙarfe mai rufin azurfa, wanda a kansa ake ɗaukar hoton farko-farko, a fito da shi da tururin zaiba. An haɗe a 1902, sunan ya gajarce zuwa Ansco a 1907, a garin Binghamton.

Malam Nuhu Dilimi:
Baba ya gama da suna, bari in taɓa kayan shagon, don nan ne abin mamaki. Daga 1851 da aka fito da jiƙaƙƙen gilashi, ba a sayar maka da abin ɗauka a shirye. Gilashi za ka saya, da kolodiyon (wani ruwa mai danƙo da ke saurin bushewa), da gishirin azurfa, da tanti mai duhu, kai ka haɗa. Ka goge gilashin tas, ka zuba kolodiyon a tsakiya, ka karkata shi kusurwa-kusurwa har ya rufe, ragowar ta koma kwalba. Ka tsoma a ruwan azurfa minti 3 zuwa 4. Daga nan agogo ya fara: cikin kamar minti 10 zuwa 15 dole ka ɗauka ka wanke, in ya bushe ya mutu. A hunturun Jos da ko minti goman ba za ka samu ba, ga ƙura, kowace ƙwaya tabo ce. Takardar bugawa ma da farin ƙwai da gishiri ake shafe ta.

Shi ya sa bashi ya yi yawa a harkar. Mathew Brady, mai hotunan yaƙin basasar Amurka, a wajen Anthony ya riƙa ɗibar kaya bashi, ƙarshe tarin gilasan hotunansa suka koma hannunsu.

Hajiya Larai Studio:
Malam, ka tsallake George Eastman, wanda ya kafa kamfanin Kodak. Busasshen gilashinsa na 1880 Anthony ne suka fara rarraba masa. Aka samu kaya suka lalace, aka yi ta dawo da su, ya biya kowa, daga baya aka gano daga jelatin, wato danƙon da ake shafa wa gilashin, matsalar take. A 1888 ya fito da kyamarar Kodak: dala 25, hoto 100 a ciki. Abokin ciniki ya zama kishiya. Sai a 1914 Kodak ta biya dala miliyan 5 a shari'ar haƙƙin ƙirƙirar fim na wani mai suna Hannibal Goodwin da Ansco ta riƙe.

Baba Mai Hoto Gangare:
Batun aiki kuma, ɗana, buɗe bayanta ka duba sandar naɗe fim. In fim mai lamba 120 take ci, har gobe ana yin sa, hoto 8 za ka samu a faɗin santimita 6 da 9. In 116 ce, an daina, sai da dabara. Haska tocila ciki a ɗaki mai duhu ka ga ko haske na yoyo ta kusurwoyi. Jar tagar nan ta baya da ake ganin lambar hoto ta cikinta, rufe ta da baƙin tef, ka ɗaga kawai lokacin murza fim, a inuwa, don fim ɗin yanzu yana ganin ja. Ƙyaftawarta, wato buɗewa da rufewar idonta, a hankali take, ka jingina ta da cikinka, ka riƙe numfashi, rana na bayanka.