Gansakukar fangalin shinkafa da maganin feshi: me kuka gani?

Daga Kadawa: Salamu alaikum 'yan uwa manoma. Shekara uku ke nan ina fesa maganin ciyawa na propanil bayan dashe. Ciyawa kam tana mutuwa, amma gansakukar nan mai santsi, kore-kore shuɗi-shuɗi, da ke kwanciya a kan ruwan fangali, ta yi ɓatan dabo. Da har murna nake, na ɗauka ƙazanta ce. Bana sai ga shinkafa ta yi ɗorawa-ɗorawa tun da wuri, sai da na ƙara buhun yuriya. Akwai wanda ya ga haka?

Daga Argungu: Wa'alaikumus salam. Alhaji, ni ma na gani. Ƙanena ba ya feshi, da hannu suke cire ciyawa shi da yaransa, kunya ɗaya ce ta raba mu. In ka sa hannu a ruwansa sai ka ɗago wasu ƙulle-ƙulle masu yauƙi kamar majina, ku yi haƙuri da kalmar. Nawa ruwan garau, har ƙasa kake gani.

Malamin gona, Zariya: Abin da Malam na Argungu ya ɗago ya yi kama da Nostoc, wata ƙwayar halitta ce mai yin gansakuka, 'yar uwar wata da ake kira Anabaena. Suna zuƙo naitirojin, wato sinadarin da ke cikin takin yuriya, daga iska (kashi 78 cikin ɗari na iska shi ne), in sun mutu sun ruɓe shinkafa ta samu. Propanil yana toshe hanyar da ganye ke haɗa abinci da hasken rana, su ma da wannan hanyar suke rayuwa, shi ya sa yake taɓa su, musamman in an wuce ƙa'ida. Amma Alhaji, yuriyar da kake watsawa a kan ruwa ita ma tana sa su daina aikin. Binne ta ya fi. Kuma ba kowace gansakuka ke kawo taki ba.

Daga Haɗeja: Ni nawa akasin haka ne fa. Maganin ƙwari na fesa saboda tsutsar kara, bayan sati biyu gansakuka ta rufe ruwa ruf. Ashe ƙananan halittun ruwan da ke cin ta ne suka mutu. Har da 'yan tarwaɗa da yara ke kamawa a magudana, na tarar da su sun juya ciki sama. Wannan kam ya tsaya mini a rai.

Daga Kadawa: Malam, murfi nawa ne ƙa'idar a tanki mai lita 16? Ni dai mai shago ya ce in ƙara ɗaya don ya fi ci.