Ɓawon tat ɗina yana tsukewa, gindinsa kuma ya jiƙe, ga suna ya matso

Amaryar bara, Kano:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah masana gashin kek ku agaza min. Yayar maigidana ta haihu, suna ranar Asabar, ni kuma da bakina na ce zan kawo ƙananan tat guda 60 a haɗa da cincin da kek. A wani biki na taɓa cin su, 'yan ƙanana kamar bakin kofin shayi, ɓawon garas-garas, ciki kwastad da yankan 'ya'yan itace a sama. Tun ranar suka shiga raina.

Sau biyu ina gwadawa. Na farko kwaɓin mit-fai na yi, sai dai na ƙara sukari: fulawa kofi 2, bota cokali 3, bekin foda, ƙwai da ruwa. Na murza shi sosai har ya yi sumul, na shimfiɗa a farantin kof-kek, na zuba kwastad na gasa. Da na buɗe obin, gefen ya zame ƙasa ya tsuke, saman ya yi tauri kamar ƙanzo, gindin kuwa danƙo ne zalla. Na biyu na ninka bota, sai ya narke min a hannu, ya manne da katako, ko ɗagawa na kasa. Obin ɗina na gas ne marar lamba, wuta kuma kun san halinta, firjin ma sai ya kwana biyu bai yi sanyi ba. Dangin miji ne fa, ba na so in ji kunya. Ina ne nake kuskure?

Hajiya mai kek, Zariya:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya abin da aka samu. Kwantar da hankalinki, kowa ta nan ya bi. Kuskurenki na farko shi ne murzar nan da kika yi har ya yi sumul. Fulawa idan ta sha ruwa aka yi ta murza ta, danƙo take fitarwa. Danƙon nan shi ake nema a burodi da fanke, a tat kuwa shi ne abokin gaba. Kin ja shi kamar roba kin shimfiɗa, da ya ji wuta sai ya koma inda ya fito. Tsukewar ke nan.

Ga awon da nake aiki da shi. Nauyin bota rabin nauyin fulawa: fulawa giram 250, wato wajen kofi 2, bota giram 125, wato rabin ledar nan mai giram 250. Cokali 3 da kika sa ya yi kaɗan ƙwarai. Sai sukari mai laushi irin na ado a kek giram 50, gwaiduwar ƙwai 1, ɗan gishiri, da ruwan sanyi cokali 1 zuwa 2. Ki tankaɗe fulawa, ki yayyanka bota mai sanyi a kai, ki riƙa marmasawa da kan yatsu kawai, ban da tafin hannu, har ta zama kamar tsakin dambu. Sannan ki sa gwaiduwa da ruwan, ki tattara shi wuri ɗaya. Da ya haɗu ki cire hannunki. Ko kin ga bai yi kyan gani ba, ƙyale shi, haka ake son sa. Ki naɗe a leda ya huta a wuri mai sanyi minti 30.

Kuskure na biyu, zuba kwastad a ɗanyen kwaɓi. Ruwan kwastad ya jiƙa gindin kafin wuta ta kai gare shi. Ɓawon shi kaɗai ake fara gasawa. Ki shimfiɗa shi a katako ya yi faɗi, kaurin kamar milimita 3, ki yanka da bakin kofi, ki zaunar da shi a mazubi ba tare da kin ja shi ba, ki tsattsaga gindin da cokali mai yatsu. In da hali ya sake shan sanyi minti 15. Ki sa 'yar takardar gashi a kowanne, ki cika da busasshen wake ko shinkafa don su danne shi. Digiri 180, minti 12 zuwa 15, ki kwashe waken, ki shafa farin ƙwan da ya rage a ciki, ki mayar minti 5. Farin ƙwan nan yana toshe ƙofofin, komai kika zuba daga baya ba zai ratsa da wuri ba. Awon nan yana ba ni kusan guda 20, don haka kwaɓi uku za ki yi. Kada ki haɗa su a kwano ɗaya, kafin ki gama da na farko sauran sun narke. Waken kuma ki adana shi a kwalba don gashi na gaba, amma kada ki ce za ki yi alale da shi.

Uwar biyu:

Ki cire bekin foda gaba ɗaya. Ita ke kumbura gindin ta cinye wurin da za ki zuba abin ciki. Hajiya ta gama magana.

Mai gidan burodi, Kaduna:

A gafarce ni, namiji a cikin zancen mata, amma sana'ata ce. Malama, yawancin fulawar da ake auna muku a mudu daga buhun masu burodi take, mai ƙarfi ce, da ɗan taɓawa take yin danƙo. A cikin kofi 2 ɗin nan ki ɗebe cokali 2 na fulawa ki maye gurbinsu da kwanfulawa, wato farin garin sitacin masara. Ba ta da danƙo ko kaɗan, za ki ji ɓawon yana narkewa a baki.

Anti ta Sakkwato:

Hajiya ta faɗi gaskiya, amma ita a Zariya take, ku bar mu mutanen zafi mu yi magana. Bota ta gaskiya tana narkewa tun daga wajen digiri 32 zuwa 35, mu kuwa a watan Afrilu inuwa ma tana haura 40. To ta ina za ki murza kwaɓi da azahar a kicin da aka gama dafa tuwo? Abin da ya same ki a gwaji na biyu ke nan, ba yawan botar ba ne laifin.

Ni bayan sallar asuba nake kwaɓina, kafin gari ya ɗau zafi. Da daddare nake sayen ƙanƙarar leda guda biyu in zuba a kula, in sa bota da ruwan kwaɓi har da kwanon silba a ciki. In kwaɓin ya fara laushi a hannuna, sai in mayar da shi kula minti goma in je in yi shara. Kuma ni na daina wahalar murzawa. Gutsura nake kamar girman goro, in sa a mazubi, in danna da babban yatsa in bi gefe da shi har ya hau. In kin fi son murzawa, ki sa shi tsakanin leda biyu, ki bi da kwalbar da kika cika da ruwan sanyi. Ba zai manne ba, kuma ba sai kin yi ta barbaɗa fulawa tana ƙara masa tauri ba.

Amaryar bara, Kano:

Wayyo, wallahi ƙarfe biyu na rana na yi duka biyun. Na gode Anti, na gode Hajiya. To batun obin fa, ta yaya zan gane ya kai 180?

Maman 'yan makaranta:

Akwai ɗan ma'aunin zafi da ake ratayawa a cikin obin, masu kayan kek suna sayarwa, ki nema ki huta. In ba ki samu ba kafin Asabar, ki kunna obin minti 15 tukuna, ki barbaɗa fulawa a faranti ki sa. In ta yi ruwan zuma cikin kamar minti 5, ya yi. In ta ƙone nan da nan ki rage wuta. Na gas daga ƙasa yake cin abu, sai ki sa farantin a tsakiya, kuma ki juya shi idan an yi rabin lokaci don bayan ya fi gaba zafi.

Ni kafin in samu obin a tukunya nake yi. Yashi mai tsabta a gindi, murfin tsohuwar tukunya a kai, sannan gwangwanayen kek. Ɓawo kam yana gasuwa lafiya, sai dai saman ba ya yin ja sosai, kuma guda 60 a tukunya sai ki wuni.

'Yar uwa daga Lisbon:

Tambaya: wanda kika ci, samansa da ɗigo-ɗigon ƙuna, ɓawon kuma falle-falle? In haka ne, na nan Fotugal ne. Akwai wani shago a unguwar Belem da yake sayar da shi tun 1837, kullum da layi a ƙofarsa, ana barbaɗa masa kirfa a ci da zafinsa. Shi kwaɓinsa ninkawa ake yi da bota, kuma da kwastad ɗin a ciki ake gasa shi a wuta mai tsananin ƙarfi, sama da digiri 250. Ba na ba ki shawarar farawa da shi ana saura kwana biyar suna.

Amaryar bara, Kano:

A'a, nawa ɓawon kamar biskit yake, da yankan abarba da kankana a sama.

Ma'aikaciyar jinya:

Ni ba gashin ne ya dame ni ba. Kwastad madara ce da ƙwai. Abinci irin wannan bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba, in zafi ya haura digiri 32 ma awa 1 ne. Ke kin san gidan suna: a kai kaya da hantsi, a ajiye a ɗakin mai jego, ba za a raba ba sai bayan la'asar, wasu ma su ƙulle a leda su kai wa yara gida da magariba. Ga shi kin ce firji ba tabbas. Ki bar kwastad sai ranar da za ku ci ku kaɗai a gida.

Uwar biyu:

Haba Anti nas, tat ba kwastad ai kamar tuwo ba miya. Ta yi na gwangwani mana, wanda ake damawa, shi ai garin masara ne ba ƙwai.

Ma'aikaciyar jinya:

Da madara za ta dama shi ko? To magana ɗaya ce. Kuma kankana ruwa take saki, kafin azahar ɓawon ya zama kamar burodin da ya faɗa shayi.

Hajiya mai kek, Zariya:

Ina bayan nas. Na biki ni kala uku nake yi, duk suna jure wuni. Na dabino: ki cire ƙwallo, ki jiƙa a ruwan zafi kaɗan, ki dama a wuta da ɗan bota da kirfa har ya zama kamar tunkuza mai laushi, ki barbaɗa riɗi ko dakakkiyar gyaɗa a sama. Ba ya son ƙarin sukari. Na kwakwa: gogaggiyar kwakwa kofi 1, sukari cokali 3, bota cokali 2, ƙwai 1, ki zuba a ɓawon da ya sha gashin farko, ki mayar minti 12 zuwa 15 har saman ya yi ja. Shi ƙwan ya gasu sarai a ciki. Na uku jam, amma rabin mazubi kawai, don yana tafasa ya zubo ya manne, kuma kada ki ɗanɗana da zafinsa, na taɓa sale harshe. In kina da zoɓo mai kyau ki dafa furen da sukari da ɗan lemon tsami har ya yi kauri, ki niƙa, jan nan kaɗai ya isa ado a faranti.

In ranar kika yi na gida da kwastad, kada ki ɗora ɗanyar abarba ki ajiye. Akwai wani sinadari a cikinta da yake tsinka madara ya sa ta ɗaci. Ki ɗan dafa ta da sukari tukuna. Ɓawon kuma za ki iya gasa shi tun Alhamis, ya huce sarai, ki rufe a roba mai murfi. Juma'a da yamma sai ki cika.

Amaryar bara, Kano:

'Yan uwa na dawo. Yau da asuba na yi kwaɓi ɗaya, da ƙanƙarar Anti da kwanfulawar Malam. Guda 19 na samu. Uku sun karye wajen cirewa don ban bari sun huce ba, biyu na can baya sun ɗan ƙone don na manta juya faranti, sauran sun tsaya cak, ko ɗaya bai zame ba. Na cika rabi da dabino rabi da kwakwa. Maigida ya ci huɗu kafin ya fita, ya ce na dabinon ya fi, ni kuma na kwakwar ne ya fi min. Kwastad na haƙura da shi. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Saura abu ɗaya: daga Hotoro zan kai su Gwale a adaidaita, a me zan jera su don kada su isa a marmashe?

Anti ta Sakkwato:

Ki mayar da kowanne cikin takardar kof-kek, ki jera a kwali marar zurfi, layi ɗaya, ki matse su don kada su yi yawo. In za ki ɗora layi na biyu ki raba da wani kwalin. A cinyarki za ki riƙe, kada ki yarda ɗan adaidaita ya sa miki a baya.